In Hoton Ƙuli-ƙulin Gaya Ya Yi Tashe, Me Mai Suyar Za Ta Samu?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in dai kana leƙa Instagram da TikTok da Facebook, na san ka lura da yayin da ya shigo. A da in matashi zai ɗora hoton abinci, to shawarma ce ko gasasshiyar kaza a wani gidan cin abinci mai sanyi a cikin birni. Yanzu kuwa sai ka ga fura a ƙwarya da ludayin duma, dambu a akushi, ƙuli-ƙuli a kan faifai, an saita haske, an dusashe baya, hoto ya fito fes kamar na mujalla. A ƙasa a rubuta "al'adarmu", jama'a su yi ta zuba layik da "Masha Allah".

Abin a yaba ne, babu ja. Wanda jiya yake jin kunyar a ga daddawa a jakarsa, yau shi ne yake neman kusurwar da za ta fi yi mata kyau a waya. Sai dai akwai tambayoyin da ba a cika yi ba a ƙarƙashin irin waɗannan hotuna. Wa ya soya ƙuli-ƙulin nan? A wane gari? Ta san an ɗauka? Bayan layik dubu, ko cinikin mudu ɗaya ya ƙaru mata?

A kan wannan nake so mu tattauna yau, kuma da gabashin Kano za mu yi misali, wato Gaya da Ajingi.

Hoton abinci ya zama dukiya

Kar ka ɗauka wasan yara ne. A duniya hoton abinci ya daɗe da tashi daga talla zuwa fasaha, irin wadda ake sa wa firam a rataye a zaure, a sayar da tsada. A Birtaniya akwai wata gasa da aka kafa a 2011, wadda aka daɗe ana kira Pink Lady Food Photographer of the Year, babbar kyautarta fam 5,000. Dubi irin hotunan da ke cinye ta. A 2022 wani Ba'indiye, Debdatta Chakraborty, ya yi nasara da hoton mai gasa nama a bakin titi a birnin Srinagar, hayaƙi ya turnuƙe shi. A 2023 Jon Enoch ya ci da hoton mai yawon sayar da alawar auduga a Mumbai. Ka ga ai mai tsire ne da mai talla, irin waɗanda muke wucewa kullum ba ma ko ɗaga kai.

A gida Najeriya ma muna da shaida. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hoton kitson mata a 1968, ya tara kusan hoto 1,000. A lokacin wasu za su ce mene ne abin ɗauka a kitso? A 2013 aka baje su a babban bikin fasaha na birnin Venis a Italiya. A nan Arewa kuma ga Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, wadda ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram wajen 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bam. Ta ɗauki 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu sana'a, har manyan jaridun duniya suka waiwayo ta.

Darasin a fili yake: abin da ka raina a ƙofar gida, wani yana hawa jirgi ya zo ya ɗauka.

Abin da Gaya da Ajingi ke da shi

In ka baro Kano ka ƙetare gadar Wudil, ka doshi ƙasar Gaya. Ajingi na maƙwabtaka da ita, ta wajen iyakar Jigawa. Gaya ba baƙuwar sana'a ba ce. Tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka je gindin Dala neman tama, har aka ce sunan ɗayansu, Kano, shi birnin ya gada. Yau kuma, tun daga Yulin 2024, Gaya da Ajingi da Albasu su ne ƙananan hukumomi ukun da ke ƙarƙashin Masarautar Gaya.

Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Amma labarin ba ya ƙarewa a gona. Daga Kademi zuwa Toranke, daga Balare zuwa Kunkurawa, kamar sauran karkarar ƙasar Hausa, akwai masana'antun da ba su da allon suna, suna can bayan zaure.

Ɗauki ƙuli-ƙuli. Kafin ya iso hannunka, sai an ɓare gyaɗa, an soya ta sama-sama, an murje, an sheƙe ɓawon, an kai injin markaɗe. A dawo a zuba a turmi ko kwano, ana yayyafa ruwan zafi ana juyawa da ƙarfin damtse har mai ya taso, a kwashe, a matse tunkuza. Sannan a mulmula ko a murza, a soya a cikin man da aka fitar daga jikinta. Aiki ɗaya, kaya biyu: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Daga ƙuli-ƙulin nan mai tsire da mai kilishi ke samun garin da suke amfani da shi, da shi ake kwaɗon zogale da na rama.

Ko ka ɗauki daddawa. Kalwa ce, 'ya'yan ɗorawa, masu taurin tsiya. Sai ta sha wuta awanni da yawa, wani lokaci kwana guda, kafin a surfe ta a turmi, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku ta nuna, a kirɓa, a dunƙula, a shanya. Mai daddawa ba ta da ma'aunin zafi, da hanci da tafin hannu take sanin ta yi. Ilimi ne da ake gada daga uwa zuwa 'ya, kuma babu littafin da ya tattara shi yadda yake a kowane gida.

Ga man shanu da kindirmon matan Fulani, ga kantun riɗi, ga dakuwa, ga nakiya da alkakin gara, ga busasshiyar kuɓewa da garin kuka. Kowanne yana da mai shi, kowacce tana da hannunta. Mutanen gari sun san daddawar gidan wane ta fi ƙamshi, sun san ƙuli-ƙulin wa ba ya karya haƙori.

Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 a kan cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gida, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Fiye da shekara 50 ke nan, har yau a ɓoye yake. Kaya na fita, sunan mai kaya ba ya fita. Ɗan sari ya saya a kasuwar ƙauye, ya kai birni, wani ya zuba a roba mai kyau ya manna takarda da sunan kamfaninsa da lambar wayarsa. Wahala a Ajingi, suna a Kano.

To yanzu ga waya mai kyamara ta shigo tsakani. Za ta iya fito da sunan, za kuma ta iya zama sabon ɗan sari.

Hoto marar suna

Mun taɓa ganin irin wannan. Duk ɗan Kano ya san hoton dalar gyaɗa, buhu kan buhu har sama, tun zamanin su Alhassan Dantata. Hoton ya zagaya duniya, ya shiga littattafan makaranta. Amma a cikinsa ka taɓa ganin fuskar manomin da ya noma gyaɗar? Ka taɓa jin sunan ƙauyensa? Fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, dala ta rushe. Abin da ya rage mana hoton buhuna ne.

A Amurka, a 1936, wata mai hoto, Dorothea Lange, ta ɗauki wata uwa 'yar ci-rani da 'ya'yanta a jihar Kalifoniya. Hoton ya zama ɗaya daga cikin mafi shahara a tarihi. Sai bayan shekara 40 da wani abu duniya ta san sunan matar, Florence Owens Thompson, kuma ta koka cewa ko sisi ba ta samu daga hoton ba.

Shi kansa mai ɗaukar hoto bai tsira ba. A 1991 an baje wasu hotuna daga Mali a birnin New York, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Sai da aka bi sawu har Bamako aka tarar da dattijon da ransa, Seydou Keïta, wanda yanzu ake lissafawa cikin manyan masu hoton Afirka. Da ba a neme shi ba fa?

Saboda haka sunaye biyu ne ke cikin hatsari duk lokacin da ka danna kyamara a kan kaskon wata: nata da naka. Ka ɗora hoto babu sunanta, gobe wani shafi mai mabiya rabin miliyan ya kwashe ya ɗora babu sunanka, jibi ka gan shi a jikin robar wani kamfani. Ɓarawo ya sace wa ɓarawo, mai kaya tana gida tana hura wuta.

Suna kuɗi ne

Wani zai ce, Malam, hoto fa ba ya cika ciki, a bar mutane su ji da tsadar rayuwa. Gaskiya ne, rayuwa ta yi zafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota da na markaɗe suka tashi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mai jarin tiya biyar ta gyaɗa ta wayi gari kuɗinta ba sa sayen uku. Ko da farashin hatsi ya sauko daga baya, jarin da ya karye ba ya tashi da kansa. Ita kuma mai daddawa ga dunƙulen kamfani ya tsare mata gaba, yana da talla a rediyo da talabijin da allon bakin titi, ita ba ta da ko ɗaya.

Amma wannan shi ne ma dalilin da ya sa maganar suna ta zama dole. Mai ƙaramin jari ba za ta iya gasa da kamfani a yawa ko a araha ba. Abu ɗaya take da shi da kamfani ba shi da shi: kayanta na wani wuri ne, na wani hannu ne. In mai saye a Abuja ko Legas ko Jidda ya san wannan, zai biya fiye da farashin kasuwar ƙauye, kuma zai dawo.

Leƙa maƙwabta ka gani. A Nijar an yi wa kilishin ƙasar da albasar Galmi rajista a ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka, OAPI, domin kada wani ya ari sunan ya sayar da abin da ba shi ba. Kamaru ta yi wa masoron Penja irin wannan rajista tun 2013. A Disambar 2024, a zaman da UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, a zaman nan ne ta sa attiéké na Kodebuwa, abincin rogo da mata ke sarrafawa da hannu. Mu muka kai dawaki da alkyabba, su suka kai abin da ke cikin tukunya. Duka biyun al'ada ce, amma ka tambayi kanka wanne ne ya fi taɓa aljihun talaka kullum.

Najeriya ba ta cikin OAPI, kuma irin wannan rajista aikin hukuma ne mai ɗaukar shekaru. Sai dai babu rajistar da ke farawa a ofis. Tana farawa ne daga ranar da mutane suka saba cewa "na wuri kaza". Wa ya yi wa kilishi talla kafin ya shiga jakar matafiya? Baki ne ya kai shi. Yau bakin ya koma waya. In shekara biyar aka yi ana ganin "man gyaɗar Kademi" ko "daddawar Toranke" a ƙarƙashin hotuna masu kyau, kuma wanda ya saya ya ji daɗi, suna ya kafu.

Inda ake zamewa

Akwai ramuka a hanyar, gara ka san su.

Na farko, sayar da talauci. Wasu sun gano cewa tsohuwa a cikin hayaƙi da tsumma a jiki ta fi jawo "Allah sarki" a kwamen. Sai su bar kayan, su bi yagaggen zani. Wannan tallan tausayi ne, kuma cin mutunci ne ko da niyyar kirki aka yi shi. Matar nan gwana ce a sana'arta, a matsayin gwana ya kamata a nuna ta.

Na biyu, izini. Yawancin masu waɗannan sana'o'i matan aure ne a cikin gidajensu. Ba a faɗa wa gidan mutane da kyamara. Sallama, gabatar da kai, yardar mai sana'a da ta maigida, sannan a yi mata bayani dalla-dalla: Inna, hoton nan a waya zan sa, mutanen da ba ki sani ba za su gani, har a wata ƙasa, kin yarda? In ta ce a ɗauki hannu da kasko kawai, hannu da kasko za ka ɗauka, kuma sau da yawa hoton ya fi ma kyau a haka. In ta ce a'a, ka yi godiya ka fita. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana kare wanda ya ɗauki hoto, amma a shekarar dai aka sa wa dokar kare bayanan jama'a hannu, kuma fuskar mutum da sunansa nasa ne. Ko babu doka, akwai kunya, akwai haƙƙi.

Na uku, 'yan talla. Yarinya da tire a ka tana da kyau a hoto, shi ya sa ake yawan ɗaukarta. Amma yarinya ce, ba ta isa ba da izini ba, kuma lokacin da kake ɗaukarta watakila lokacin makaranta ne. Kar ka ƙawata abin da ya kamata a gyara.

Na huɗu, ƙarya. Yanzu manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta zana maka fura a ƙwarya cikin daƙiƙa goma, da bukka da faɗuwar rana a baya. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony, sannan ya ƙi karɓar kyautar, domin hoton na'ura ce ta haɗa shi, yana so a farka. In kyau kaɗai ake nema, na'ura ta riga ta fi ka. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta ce wannan man na gidan wance ne, ga yadda za ka same shi ranar kasuwa. Haka kuma kar ka rufe ƙazanta da tace hoto. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba tana yin fumfuna mai ɗauke da guba, wadda ke illa ga hanta. In ka jawo mai saye da hoto ya tarar da yashi a ƙuli-ƙuli, ka kashe sunan gari guda, ba na mutum ɗaya ba.

To, me za ka yi da wayarka?

Ba sai kana da kyamarar miliyan ba. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya kyauta ne. Goge gilashin kyamara, kashe filasha, matsa kusa. Faifai da tabarma da ƙwarya sun ishe ka ado. Bi aikin daga farko har ƙarshe, daga turmi zuwa kasko, domin labarin yana cikin aikin.

Ka fara da gida. Gwaggonka, kishiyar babarka, maƙwabciyarku, su ne ba za su rufe maka ƙofa ba, kuma kai ne za ka ji kunyar cutarsu. Nan ne ɗan Gaya ko 'yar Ajingi suka fi duk wani gwani da zai zo daga Legas. Ke kuma 'yar'uwa, kin fi mu dama, domin ke ce za ki shiga har madafa.

Kowane hoto ya fita da abu uku: sunan kaya, sunan gari, da hanyar saye. In mai sana'a ba ta son sunanta ko lambarta a waje, a sa ta ɗanta ko ta wanda ta amince da shi. In kai ne za ka riƙa karɓar oda kana aikawa a mota, ku yi magana a fili tun farko, nawa ne nata, nawa ne ladanka. Dillanci halal ne, ɓoye farashi ne ke ɓata shi. In kuma Allah ya sa hoton ya ci gasa ko wani ya saya, ka tuna akwai mai rabo a ciki. Ka wanke mata kwafi ɗaya ka kai mata, ka kai mata kasonta.

Ka sa sunanka a jikin hotonka, ka ajiye na asali. In za ku fara zubawa a roba ko leda da tambari, ku nemi sanin ƙa'idar NAFDAC tun kafin kaya su yi nisa.

Sannan kar ka tsaya kai kaɗai. Ɗaliban yankin nan da ke jami'ar Wudil da Jami'ar Bayero, da ƙungiyoyin matasan garuruwa, me zai hana ku raba mazaɓu, kowa ya ɗauki sana'a ɗaya a garinsu na tsawon shekara, daga kaka zuwa kaka? A ƙarshe a wanke 30 mafi kyau, a nemi izinin bajewa a ƙofar fadar Gaya lokacin Sallah, masu sana'ar na zaune a gefe da kayansu na sayarwa. Daga nan a nufi Gidan Makama ko bajekolin kasuwanci na Kano. Shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisar yankin suna kashe kuɗi a kan fosta mai fuskarsu. Ku je musu da rubutaccen tsari, ku roƙi kuɗin firam 30. In sun ƙi, kun dai san amsar da za ku ba su ranar da suka zo neman ƙuri'a.

Yayi ba ya daɗewa, ka sani na sani. Bana fura a ƙwarya, baɗi wani abu daban. Kafin guguwar ta wuce, tambayar ita ce me za ta bari a ƙasa. In ta bar layik kawai, mun ci bulus da gumin iyayenmu. In ta bar mata goma a Gaya da Ajingi da wayarsu ke ƙara ana cewa "Hajiya, a aiko min da galan biyu", to data ba ta ƙone a banza ba.

Saboda haka kafin ka danna "ɗora" a karo na gaba, duba ƙasan hoton. In babu sunan gari, babu hanyar da mai saye zai bi, koma ka tambayo. Mai kayan tana nan, ba ta yi nisa ba.